Yunwar da Na Ara wa Ɗan Dako

Bana ma ruwa yana yi mana wasa da hankali. Sau biyu hadari yana haɗuwa ta gabas, ya yi baƙi har kaji su shige akurki, sai iska ta kwashe shi ta yi wajen Dawce da shi. Shekaranjiya da la'asar ina zaune a rumfar Lawali mai cajin waya, zafi ya hana kowa motsi, na ga magidanta huɗu sun haɗa kai a kan waya guda suna kallon dambe. Na leƙa. Wani tsohon Bature ne, fuska duk ta zube, ana ɗaura masa safar hannu. Na gane shi tun kafin ya juyo. Lawali ya ce wannan fim ɗin shi ne na bakwai ko na takwas, shi ma ya daina bin lissafinsu. Na ce ashe har yanzu bai mutu ba. Suka yi dariya, ni ban yi ba.

Mu a nan Matamaye Ɗan Dako muke ce masa, ni ne kuma na raɗa masa sunan, a shekarar babban fari, lokacin da mulki ke hannun soja.

A waccan shekarar ruwan farko da wuri ya zo. Muka fita gidanmu duka: yayana Mati a gaba yana sara da sungumi, ni ina gefensa, matarsa Rabi da Innarmu suna biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Gero ya tsiro, ya kai tsawon yatsa, rana ta ƙone shi. Muka sake. Na uku a busasshiyar ƙasa muka binne shi, muka koma gida muna duban sama har wuya ya yi ciwo. Wanda ya rayu bai wuce gwiwa ba, kansa kamar jelar ɓera. Gonar da ke cika mana rumbu biyu, abin da ta ba mu a ka muka ɗauko shi, tafiya ɗaya.

Da a ce wata shekara ce, da kaka ta wuce sai mu ɗaure tsummokaranmu mu yi Kudu cin rani. Ni Kano nake yi, wani lokaci har Ikko, ina gadi a ƙofar wasu Turawa. To a shekarar an rufe iyaka, waɗanda ke can ma koro su aka yi. Garin ya cika da maza majiya ƙarfi, ba gona, ba tafiya, sai bin inuwa daga wannan bango zuwa wancan. Taro kuma ba a so. Mutum biyar suka daɗe a wuri guda sai ka ga jandarma ya rage tafiya yana kallonsu.

Yaya Mati mahauci ne, shi ya sa da farko gidanmu bai ji jiki sosai ba. Makiyaya suna gangarowa daga arewa da shanun da ƙashi kawai ya rage musu, suna sayarwa a wulaƙance, wata ma a tsaye ba ta iya kaiwa mayanka. Shi da sauran mahauta suka haƙa ramuka bayan gari suna bandar nama. Wata uku garin yana warin hayaƙi da ƙonannen gashi, ungulaye sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Daga nan dabbobin suka ƙare. Ya wanke wuƙaƙensa, ya naɗe su a fata, ya zauna a zaure.

Sai a san ko wane ne wannan mai zaman zaure. A filin dambe Mati Taɓarya ake kiransa. Daga Kance har tsallaken iyaka, ba a taɓa kai shi ƙasa ba. A dambenmu kuwa ƙasa ita ce ƙarshen magana: gwiwa ko tafin hannu ya taɓa ƙasa, an gama, a raba ku kowa ya tafi gida da ƙafarsa. Shekara bakwai kafin farin nan ya ji wa wani rauni, abin ya dame shi, ya zo gaban Inna ya kwance zaren da yake naɗe hannunsa da shi, ya ajiye a ƙafarta, ya ce ya bari har abada. Shi ɗan fari ne, Inna ko sunansa ba ta kamawa. Ta ɗauki zaren ta rataye ragayarta da shi, ta jera ƙorenta a ciki.

Cikin wannan zaman banza ne Alhaji Isa, wanda kamyonsa, babbar motar kaya, ya kwanta saboda rufe iyaka, ya shigo da tele, wato talabijin, da akwatin kaset ta hanyar daji. Ya share magazarsa ta ajiyar gyaɗa, wadda ba ta ga gyaɗa ba a shekarar, ya toshe tagogi da buhuna, ya kafa injin wuta a baya. Bayan la'asar ake kunnawa, a tashi kafin magariba. Fim ɗin na Turanci ne. Da ya zama na Faransanci da ko ɗan lakwal, ɗan makarantar boko, ya isa, amma Turancin Ingila sai ɗan cin rani. Alhaji ya aiko aka kira ni.

"Habu, an ce ka yi aiki da Turawa a Ikko."

"Na yi, Alhaji."

"To za ka tsaya nan gefe kana gaya wa mutane abin da suke cewa. Kullum kana da kwanon garin rogo."

Turancina bai wuce na buɗe ƙofa, rufe ƙofa, maigida ba ya nan ba. Ban faɗa masa ba. Wanda aka ce masa kwanon gari a waccan shekara, ko Sinanci aka ce ya fassara zai gyara murya.

Kaset na farko bai ma buƙace ni ba. Wani matalaucin ɗan dambe ne mai ɗaukar kaya a bakin ruwa, ɗakinsa ƙarami, tufafinsa sun koɗe, yana cin burodi busasshe a tsaye. In an naushe shi sai wurin ya kumbura, ya kwana biyu yana tafiya a karkace. Ina duban fuskarsa ina faɗin abin da mutum irinsa zai ce, kuma na tabbata ban yi nisa da gaskiya ba, don yunwa yarenta ɗaya. Rufin kwano yana zubo mana wuta, warin tsohuwar gyaɗa da zufa ya cika ɗakin, amma ba mai motsi. Muka yi mako shida muna juya kaset ɗin nan. Har Yaya Mati ya zo, ya zauna can baya. Da muka fito ya ce mini, "Wanda ya tsara wannan abu ya taɓa shan naushi." Abu ɗaya ne bai gamshe shi ba. "Amma wane irin dambe ne mutum zai faɗi a tsaya ana ƙirga masa, ya tashi a ci gaba? Waɗannan ba su da manya ne?"

Na biyu ɗumamen na farko ne. Ɗumame kuma ana ci, ba wanda ya yi ƙorafi.

A lokacin sanyi ya wuce, bazara ta kama. Kwanon garin nan shi ne tukunyar gidanmu, mutum tara. Rabi takan jiƙa shi ya kumbura, ta haɗa da busasshiyar tafasa, in an samu ƙuliƙuli a marmasa. Mata suna fita tun asuba neman anza, 'ya'yan wani itacen daji, su jiƙa ta kwana da kwanaki suna zubar da ruwan kafin ɗacin ya ragu, kuma ba ya ƙarewa duka. Dusar da a da akuya ake ba ita aka koma tankaɗewa. Rijiyar unguwarmu ta koma laka, guga ya sauka ya dawo da abin da bai cika moɗa ba. Ƙaramin ɗan Yaya ya daina kuka, sai kallo. Irin da muka ware, wanda muka rantse ba za a taɓa ba, a wannan watan muka daka shi.

Nan ne kaset na uku ya iso, kuma nan ne abin ya fara lalacewa. Ɗan Dako ya yi kuɗi. Gidan bene, motoci, an shafe masa jiki da mai yana ƙyalli. Kiɗa ya fi damben yawa. Abokin karawarsa ba mutum ba ne irin na farko mai mata da 'ya'ya, wani ne da aka kawo don ya riƙa kuwwa yana zare ido. A zuba masa naushi ashirin a fuska, ya girgiza kai kamar wanda ƙuda ya sauka masa. Wani tsoho, Malam Nuhu mai ɗinkin takalma, ya tashi tsakiyar kallo ya kaɗe rigarsa. "Wannan ya ƙoshi," ya ce. "Me zan kalla a wurin wanda ya ƙoshi?" Washegari rabin tabarmin ba kowa.

Na huɗu ya fi muni. Mutumin ya tsufa, an rine masa gashi, an ɗauko masa wani ƙato mai tsawon ƙofa. Rabin fim ɗin guntayen na baya ne aka ɗinke, kamar zanen da aka yi wa maho har asalin ƙyallen ya ɓace. Ya faɗi sau biyar ya tashi sau biyar, a ƙarshe ya ci, ko haƙori bai zube ba. Na gane masu shirya shi ba su da sauran abin faɗa, suna dai matsar saniyar da ta ƙafe. Alhaji ya kira ni gefe ya ce mai yana tsada, in mutane ba su dawo ba zai rufe. Bai ambaci kwanon gari ba, ba sai ya ambata ba.

Sai na mayar wa Ɗan Dako yunwar da masu fim suka cire masa. Na ce gidan benen ba nasa ba ne, gadi yake yi. Na ce garinsu an yi fari. Matarsa ta yi masa magana, wataƙila a kan mota ko makarantar yara, ni kuwa na ce cewa take yi rumbu ya ƙare. Mutane suka fara dawowa. Suka koyi ƙirga tare da alƙalin wasan, in ya faɗi ɗakin duka ya ɗauka, ɗaya, biyu, uku, har ya miƙe. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Ina jin ni wani ne.

Akwai wurin da tsohon yake zaune shi kaɗai yana magana a hankali, kafin ya yanke shawarar komawa fili. Ranar, kwana biyu kafin azumi, na hango Yaya Mati a bayan ɗaki ya jingina da bango. Zan faɗi gaskiya, haushinsa nake ji. Ni ƙarami ni ke ciyar da gida da ƙarya, shi babba, mai suna, yana zaune a zaure yana gyangyaɗi. Ban taɓa iya faɗa masa ido da ido ba, ba a yi mana wannan tarbiyya ba. Sai na ɗaga murya na ce, "Ɗan Dako yana cewa: ina da hannu, 'ya'yana suna kwana da yunwa, ni kuma na ɓoye hannun a aljihu wai na yi alkawari. Alkawari ake dafa wa yara?" Ban juya wajen bango ba.

Azumin shekarar ba zan yi wa maƙiyina fatansa ba. Kafin hantsi harshe ya manne da ganɗa. Ƙasa ba ta takuwa, kadangare ma ɗaga ƙafa yake. Mutane suna jiƙa buhu su lulluɓa, in akwai abin jiƙawa. Da magariba a sha ruwan tsamiya ba sukari, a ci jar dawar taimako da motoci ke kawowa jefi-jefi, wadda tuwonta ke kwana a ciki kamar dutse. Malam Nuhu ya ce mu dai niyya kawai muka ƙara, azumin tun kaka muke yinsa. Yaya Mati duk watan bai yi mini maganar fim ba. Na ga dai yana fita bayan sahur ya dawo da ƙura a ƙafa.

Ana saura kwana uku Salla aka yi shela cewa wani attajiri daga Damagaram ya sa buhun gero, gero na shuka, ga wanda ya ci dambe washegarin Salla a filin bayan tasha. Ranar da safe muka ji faɗuwar ƙore a ɗakin Inna. Na shiga na tarar da ragaya a ƙasa, Yaya yana naɗe zare a hannunsa. Inna tana zaune bakin gado. Ba ta dube shi ba, ni ta duba.

"Habu, gaya wa wancan abin da ya ajiye ba nasa ba ne kuma."

"Inna, hadari ya fara haɗuwa," in ji Yaya. "Da me za mu shuka?"

Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, ta rufe. Rabi tana bakin ƙofa da ɗa a baya. Ta ce, "Habu, kai yake jin maganarka yanzu, ka ce masa wani abu." Ban ce ba. Buhun nan nake gani.

Filin ya cika. An kafa kujera ɗaya a inuwa ga wani hafsan soja da ya rako motocin hatsi, baƙo ne, ban san sunansa ba. Makaɗa sun ga Mati Taɓarya ya shigo, suka juya kalangu, suka tono kirarinsa na da, mutane suka miƙe tsaye. Ya kayar da na farko a turmi ɗaya, na ce a raina ka ga ni da gaskiyata. Na ƙarshe wani saurayi ne daga wajen Tsauni, Sanusi, shekarunsa ba su kai rabin na Yaya ba. Shi ma yunwar ce ta kawo shi, amma yunwar ɗan ashirin daban take da ta ɗan arba'in da biyar. A turmi na biyu ya samu Yaya a kunne. Gwiwa ta taɓa ƙasa, tafin hannu ya bi.

An gama ke nan. Sarkin dambe ya shigo da sandarsa ya gicciya tsakaninsu, kamar yadda ake yi tun kakanni. Sai wani daga cikin taro ya ce, "Ɗaya." Wani ya ce, "Biyu." Kafin a kai huɗu filin duka ya ɗauka, da irin muryar da na koya musu a magazar Alhaji. "Tashi, Ɗan Dako." A bakwai Yaya ya miƙe, yana tangaɗi, ya ɗaga hannu.

Sarkin dambe ya ce ba a yin haka, bai taɓa gani ba. Hafsan nan yana dariya, abin ya burge shi, ya kaɗa hannu ya ce a bar su. A waɗancan shekarun in mai kaki ya kaɗa hannu, tsoho da sandarsa ja da baya yake yi. Sanusi ma bai so ba, na ji shi da kunnena.

"Baba, ka taɓa ƙasa. An gama, don Allah."

"Ɗaga hannunka, yaro."

Sau uku yana faɗuwa suna ƙirga masa yana tashi. Ina tsaye a sahun gaba, kuma ban san lokacin da bakina ya shiga ƙirgar ba. A na huɗu aka kai goma, aka wuce, bai tashi ba. Ba kiɗa, ba matar da ta rugo ta rungume shi kamar a fim. Ƙura ce kawai ta manne a jinin da ke fita ta kunnensa. Sanusi ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. A kan ƙyauren wani shago muka ɗauko Yaya, don jakin da zai ja amalanke ba ya garin.

Ya tashi bayan kwana tara. Idon hagu ya tafi, hannun dama yana rawa ba tsayawa, magana sai ya nemo ta ɗaya bayan ɗaya. Bai sake riƙe wuƙa ba.

Kwana goma sha biyu bayan damben, ruwa ya sauka, ruwa na gaske, har kududdufin bayan gari ya kawo. Da safe ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo har ɗaki, kwaɗi suna kuka, mu kuwa muna zaune muna duban juna. Sai Inna ta ce in kawo fartanya in janye gadonta. Na haƙa inda ta nuna. Tulu ne, an liƙe bakinsa da laka, ciki gero gauraye da toka, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa shi ba. Tun shuka ta biyu ta binne shi.

"Inna, me ya hana ki faɗa?"

"Da na faɗa da kun cinye tun bazara," ta ce. Sannan ta ƙara da cewa, "Ranar na so in faɗa. Na ce zai faɗi sau ɗaya a raba su, ya dawo gida ya ji kunya, shi ke nan. Haka na san ana yi."

Muka fita gona. Ni kaɗai ke sara. Yaya ya ce ba zai zauna a gida ba, sai aka ba shi ƙwarya, ya bi sahun mata yana zuba iri, hannu yana rawa gero yana zubewa gefen rami, Rabi tana biye tana gyarawa da ƙafa ba tare da ta bari ya gani ba. Da muka kai ƙarshen kunya muka tsaya a gindin gawo shan ruwa. Ya daɗe yana haɗa maganar.

"Habu, kana jin Turancin nan kuwa?"

Na ce, "Ba na ji, Yaya."

"Na sani. Tun kaset na farko na sani." Ya kurɓi ruwa, rabi ya zuba a rigarsa. "Shi ya sa na je. Da maganar Baturen ce, me ya dame ni da ita."

Ya miƙo mini butar, ya ɗauki ƙwaryarsa ya koma sahun mata. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, shekara goma sha ɗaya bayan nan. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na koma magazar Alhaji, kada wani ya ɗauka na yi zuciya. Akwai wata uku tsakanin shuka da sabon gero, kuma kwanon gari kwanon gari ne. Na ci gaba da tsayawa gefen tele ina ba tsohon nan baki, yana faɗuwa yana tashi, fuskarsa sumul. Na biyar ya zo bayan wasu shekaru, ya fi duk na baya lalacewa, ko mako bai yi ba Alhaji ya mayar da shi kwali. Ban taɓa tsanar wani mutum da ban sani ba kamar yadda na tsani wannan.

Shekaranjiyan nan Lawali ya matso mini da wayar har gaban fuska. Yanzu ma fina-finai da fassararsu suke zuwa, amma wannan bai samu mai ita ba. Tsohon yana zaune shi kaɗai yana magana a hankali, kamar dai waccan ranar.

"Baba Habu, an ce da kai ne mai fassara a garin nan. Me yake cewa?"

Na ce masa ba na jin Turanci. Na cire wayata daga caji, ko rabi ba ta kai ba, na tafi gida.